Wa ya girgiza ƙasa? Yadda masana ke bambanta motsin tsagin dutse, yunƙurin aman wuta da ruftawar mahaƙa

Da misalin ƙarfe uku saura na daren 6 ga Agustan 2007, na'urorin auna girgizar ƙasa na Jami'ar Utah da ke Amurka suka ɗauki wani motsi mai ƙarfin maki 3.9 a yankin da mahaƙar kwal ta Crandall Canyon take, kuma a daidai wannan lokaci ne ramin ya rufta da ma'aikata shida. Robert Murray, shugaban kamfanin da ke gudanar da mahaƙar, ya tsaya gaban 'yan jarida ya dage cewa girgizar ƙasa ce wadda babu hannun ɗan Adam a cikinta ta rusa ramin. Masana suka ce ba haka ba ne, ruftawar ramin ita kanta ce girgizar da na'urori suka ji.

Hujjarsu tana cikin motsin farko da ke isa kowace na'ura. Idan tsagin dutse ya zame a ƙarƙashin ƙasa, ɓangare ɗaya ya goge ɗaya, to na'urorin da ke wasu kusurwoyi za su ji an fara tura ƙasa sama, na wasu kusurwoyin kuma su ji an fara jan ta ƙasa. Idan nakiya ce ta tashi, kowace na'ura turi take fara ji, domin ƙarfin yana fita ne ta kowace fuska. Idan kuwa wani kogo ne ya rufe kansa, dutse yana faɗawa cikin gurbin, sai na'urori su fara da jin ja. A Crandall Canyon duk motsin farko da aka iya karantawa na ja ne. Kwana goma bayan haka ginshiƙan kwal da ake bari don su tokare rufin ramin suka sake fashewa, mutum uku daga cikin masu aikin ceto suka mutu, su kuwa shidan farko har yau gawarwakinsu na cikin dutsen. Rahoton hukumar kula da lafiyar mahaƙai ta Amurka da ya fito a 2008 ya ɗora laifin a kan tsarin haƙar, wato ginshiƙan da aka bari ba su isa su ɗauki nauyin dutsen da ke kansu ba. Da irin wannan karatu ne ake sa ido kan gwajin makaman nukiliya: a watan Satumban 2017 an gane fashewar gwajin Koriya ta Arewa, sannan aka gane wani motsi na biyu da ya biyo baya da kimanin minti takwas a matsayin ruftawar kogon da fashewar ta haƙa.

A ganina, fagen binciken girgizar ƙasa ya yi nisa ƙwarai wajen amsa tambayar me ya motsa, a ina, kuma ta yaya. Inda har yanzu yake ɗingishi shi ne tambayar yaushe. Gwargwadon wannan ɗingishi ya bambanta tsakanin dutse mai aman wuta, da tsagin da ke tsakanin manyan farantan dutse da ɓawon duniya ya kasu a kansu, da kuma ramin da mutane suka haƙa da hannunsu, kuma wannan bambanci ne ke nuna irin kariyar da ta dace da kowanne.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fahimci ma'aunin da ake ambata a labarai. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da aka saki ya ninka kusan sau 32, saboda haka tsakanin maki 3 da maki 5 akwai ninki kusan dubu. Haka nan duk lokacin da aka sauko da maki ɗaya, yawan girgizar da ake samu yakan ninka kusan sau goma. Ma'aunin kuma bai tsaya a sifili ba, akwai maki na ƙasa da sifili ga 'yan tsage-tsagen da ba su wuce faɗin tafin hannu ba. Sai dai maki kaɗai ba ya faɗin ɓarna. Girgiza mai maki 2 ba za ta tada mai barci a doron ƙasa ba, amma tana iya kashe mutumin da ke aiki mita hamsin daga inda ta tashi.

Dutse mai aman wuta

A nan ne hasashe ya fi cin nasara, kuma dalilin a fili yake: kafin dutse ya yi aman wuta, dole narkakken dutse da iskar da ke cikinsa su taso daga zurfi, kuma ba sa tasowa shiru. Masana sun kasa motsin da suke haddasawa zuwa manyan rukunoni uku. Akwai girgiza mai kaifi, gajeriya, wadda ke faruwa idan narkakken dutsen ya matsa wa sandararren dutsen da ke kewaye da shi har ya tsage. Akwai wata mai laushi, mai jan lokaci, wadda ba daga tsagewa take fitowa ba, daga kaɗawar ruwa ko iska ne a cikin wata kafa, kamar yadda bututun famfo ke gurnani idan ruwa ya dawo bayan an daɗe da ɗauke shi. Ta uku ita ce karkarwa marar yankewa, wadda kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Bernard Chouet na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya shafe shekaru yana nazarin nau'i na biyu, ya nuna cewa yawaitarsa alama ce ta matsi na taruwa a cikin hanyar da ta toshe. A ranar 2 ga Janairun 1990 da wannan fahimta aka yi gargaɗi kan dutsen Redoubt na Alaska, aka kwashe ma'aikatan wata tashar ajiyar mai da ke gindinsa sa'o'i kaɗan kafin ya fashe.

Babbar nasarar da ake kafa misali da ita ta auku a dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991. Masanan ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Raymundo Punongbayan, tare da takwarorinsu na Amurka, sun yi makonni suna ƙirga girgiza, suna lura da yadda cibiyarta ke matsowa sama, suna kuma auna iskar farar wuta da dutsen ke fitarwa. A tsakiyar watan Mayu tana kusan tan 500 a rana, kafin ƙarshen watan ta haura tan 5,000, sannan kwatsam ta ragu. Wanda bai san kan abin ba zai ce dutsen ya lafa, amma su sun karanta raguwar a matsayin toshewar hanya. Aka kwashe dubun-dubatar mutane, har da sojojin Amurka da iyalansu da ke sansanin Clark, kuma ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi ɗaya daga cikin aman wuta mafi girma a ƙarni na ashirin. An yi asarar ɗaruruwan rayuka, yawancinsu saboda rufin gidaje ya rufta da nauyin tokar da ruwan wata guguwa ya jiƙa, amma waɗanda aka kuɓutar sun kai dubbai.

Shekara shida kafin nan, a Kolombiya, ilimin bai rasa ba amma an rasa mai aiki da shi. Dutsen Nevado del Ruiz ya yi kusan shekara yana motsi, kuma taswirar haɗari da aka fitar a watan Oktoban 1985 ta nuna garin Armero a kan hanyar ambaliyar laka. Ranar 13 ga Nuwamba aman wutar ya narkar da ƙanƙarar da ke kan dutsen, laka ta gangaro ta cikin kwaruruka, ta isa garin bayan fiye da sa'a biyu, ta hallaka mutum kusan 23,000 a yankin. Sa'a biyu ta isa mutane su hau tudu da ƙafa, da an ba da umarni a kan lokaci.

To amma kada a ɗauka kowane dutse yana sallama kafin ya shigo. A watan Janairun 1993 dutsen Galeras, shi ma a Kolombiya, ya fashe yayin da masana ke bakin raminsa, ya kashe shida daga cikinsu da wasu masu yawon buɗe ido uku. A Ontake na Japan a 2014, ruwan da ke cikin dutse ne ya zama tururi ya fashe ba tare da narkakken dutse ya iso sama ba, mutum fiye da hamsin masu hawan dutse suka mutu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Nyiragongo, wanda ya yi wa birnin Goma na gabashin Kwango rumfa. Bayan aman wutar 22 ga Mayun 2021 an yi ta sukar cibiyar da ke sa ido kan dutsen, wadda ta sha fama da ƙarancin kuɗi a watannin da suka gabata. Amma binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa alamun girgiza sun bayyana ne ƙasa da minti arba'in kafin narkakken dutse ya ɓarke. Dalili kuwa shi ne Nyiragongo yana da tafkin narkakken dutse a buɗe a samansa, babu wata doguwar tafiya da zai yi daga zurfi, gefen dutsen kawai ya tsage. Girgizar mai yawa ta zo ne daga baya, lokacin da narkakken dutsen ya kutsa ta ƙarƙashin birnin ya nufi tafkin Kivu, abin da ya sa hukumomi suka umarci dubban ɗaruruwan mutane su fice. Tsoron da ake yi shi ne iskar da ke narke a ƙasan tafkin ta taso gaba ɗaya, irin abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986, inda mutum fiye da 1,700 suka mutu cikin dare ɗaya.

Karkarwar da ba ta aman wuta ba

Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce, an ɗauka karkarwa marar yankewa ta duwatsu masu aman wuta ce kaɗai. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, Japan ta binne ɗaruruwan na'urori masu tsananin ji a cikin rijiyoyi a faɗin ƙasar. Wani masani mai suna Kazushige Obara ya lura cewa wani ƙugi da ake ɗauka hayaniyar iska ce ko ta motoci yana bayyana a tashoshi masu nisa da juna a lokaci guda, abin da iska ko mota ba za su iya yi ba. A 2002 ya wallafa cewa ƙugin yana fitowa ne daga zurfin kimanin kilomita 30, a kan wani dogon layi na ɗaruruwan kilomita a kudu maso yammacin Japan, inda farantin tekun Filifin ke nutsewa ƙarƙashin ƙasar, nesa da kowane dutse mai aman wuta.

A lokaci guda kuma, a gaɓar yammacin Kanada, Herb Dragert da abokan aikinsa sun ga na'urorin GPS da ke tsibirin Vancouver, waɗanda a kullum ake tura su gabas sannu a hankali, suna komawa yamma da 'yan milimitoci na tsawon mako biyu ko uku, sannan su ci gaba da tafiyarsu. A 2003 shi da Garry Rogers suka nuna cewa wannan komawa da karkarwar tare suke zuwa, kusan duk bayan wata goma sha huɗu. Abin da ke faruwa shi ne tsagin yana zamewa da 'yan santimitoci, yana sakin ƙarfin da ya kai na girgiza mai maki 6 da ɗoriya, amma a cikin makonni maimakon sakanni, don haka babu wanda ke ji. Daga baya aka gano cewa karkarwar tarin ƙananan girgiza ne masu bin juna ba ƙaƙƙautawa, kuma wurin da take fitowa yana da rauni sosai, har cikar teku da janyewarsa suna ƙara ta ko su rage ta. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne farantin da ke nutsewa yana sakin ruwa idan ya yi zafi, ruwan ya maƙale a cikin tsagin da matsi mai yawa, ya rage riƙon da ke tsakanin duwatsun biyu.

Abin da ya sa aka damu da wannan shi ne wurin da ke zamewa a hankali yana maƙwabtaka da wurin da ya kafe, wanda shi ne ke haifar da girgiza mai maki 8 ko 9. Tsagin gaɓar Kanada da Amurka rabonsa da irin wannan tun watan Janairun 1700. Kowane zamewa a hankali yana ƙara wa kafaffen ɓangaren ɗan nauyi. Bayan bala'in Japan na 11 ga Maris 2011, masana sun koma kan bayanai sun ga alamun irin wannan zamewa yana matsowa wajen inda babbar girgizar ta fara. Sai dai sun gani ne bayan aukuwa, kuma ɗaruruwan irinsa sun zo sun wuce a wurare daban-daban ba tare da wani abu ya biyo baya ba. Iyakar abin da hukuma za ta iya yi shi ne irin sanarwar da Japan ta fitar karo na farko a watan Agustan 2024, bayan wata girgiza mai maki 7.1, cewa yiwuwar babbar girgiza a tsagin Nankai, wanda ke gaɓar kudancin ƙasar, ta ɗan ƙaru, jama'a su duba shirinsu. Bayan mako guda aka janye sanarwar.

Inda mutum ke zaune kusa da cibiyar girgiza

An gano zinare a yankin Johannesburg a 1886, kuma kafin 1908 girgiza ta dami mazauna unguwar Ophirton har gwamnati ta kafa kwamiti, wanda ya danganta ta da farfashewar ginshiƙan dutse da ake bari a cikin ramuka. Ke nan fiye da shekara ɗari Afirka ta Kudu take fama da wannan matsala, kuma zurfin ramukanta ya sa ta zama babbar makarantar duniya a kanta. Mahaƙar Mponeng ta kai kusan kilomita 4, inda zafin dutse ke kaiwa digiri 60 ko fiye, sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin mutum ya iya aiki. A zurfin kilomita 3, kowane murabba'in mita yana ɗauke da nauyin dutse kimanin tan 8,000. Jijiyar zinaren siririya ce, shimfiɗaɗɗiya, saboda haka wurin aikin tsayinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, amma faɗinsa yana iya kai kilomitoci. Nauyin da dutsen da aka cire yake ɗauke da shi ba ya ɓacewa, komawa yake kan bakin aikin, daidai inda masu huda dutse suke durƙushe. Dutsen yankin kuma mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa a hankali, tara ƙarfi yake yi sannan ya fashe lokaci guda.

Haɗarin iri biyu ne. Akwai fashewar bangon rami ko ginshiƙi, inda dutse ke tartsatsi ya watso gutsattsari da gudu. Akwai kuma wanda ya fi girma, inda haƙar ke sauya matsin da ke kan wani tsohon tsagi da ya shafe miliyoyin shekaru a kwance, sai ya zame. Na biyun girgizar ƙasa ce sosai, babu abin da ya raba ta da ta halitta sai musabbabi. A watan Disambar 1976 irinta mai maki 5.2 ta rushe wani bene mai hawa shida a garin Welkom. Ranar 9 ga Maris 2005 wata mai maki 5.3 ta afka wa Stilfontein, ta kashe ma'aikata biyu a ƙarƙashin ƙasa, aka sha wahala wajen fito da wasu 3,200, a cikin gari kuma mutum 58 suka ji rauni. Kwamitin masana da babban sufeton mahaƙai ya kafa, wanda Ray Durrheim ya jagoranta, ya danganta ta da haƙar da aka yi a shekarun baya, ya kuma yi gargaɗin cewa irin wannan motsi zai ci gaba har bayan an rufe ramukan.

Wannan kusanci, wanda masifa ne ga ma'aikaci, dama ce ga mai bincike. Mai nazarin girgizar halitta yana sauraro ne daga nisan kilomita goma ko fiye, amma a ramin zinare ana iya dasa na'ura mita kaɗan daga tsagin da ake tsammanin zai motsa. Masanan Japan da Jamus da Afirka ta Kudu sun dasa na'urori a Mponeng waɗanda suka ɗauki motsi har na maki 4 ƙasa da sifili, kuma sun ga cewa ƙa'idojin da ke bayyana manyan girgiza suna aiki har a wannan ƙanƙanta. Bayan girgizar Orkney mai maki 5.5 ta 5 ga Agustan 2014, wadda ta kashe mutum ɗaya kuma aka ji ta har Botswana, wata tawaga ƙarƙashin Hiroshi Ogasawara na Jami'ar Ritsumeikan ta kafa injin huda a zurfin kusan kilomita 3 a mahaƙar Moab Khotsong, ta huda ɗaruruwan mitoci ƙasa har zuwa yankin da ƙananan girgizar da suka biyo baya ke fitowa. Abin da suka ciro ya haɗa da wani dutse da ya rikiɗe ya yi laushi, mai ɗauke da ma'adinin nan mai santsi da ake yin hoda da shi. Girgizar Orkney ta tashi ne ƙasa da inda ake haƙa, kuma salon zamewarta ya saɓa da wanda aka saba gani a ramukan yankin, shi ya sa muhawara kan rabon haƙa da rabon halitta a cikinta ta fi ta Stilfontein wuya.

Duk da wannan kusanci, babu wanda ya iya faɗin ranar da wani tsagi zai zame, kuma wannan darasi ne mai nauyi: idan mai na'ura a nisan mita ɗari ya kasa, mai na'ura a nisan kilomita talatin sai ya yi tawali'u. Abin da na'urorin suka amfanar da shi daban ne. Suna nuna inda matsi ke taruwa, sai injiniya ya sauya tsarin haƙa, ya bar faffaɗan ginshiƙi a gefen tsagi, ya mayar da dusar dutse cikin gurbin da aka gama, ya tunkari tsagi a karkace maimakon ya bi tsawonsa. Akan kuma huda bakin aikin a tada 'yar nakiya a ciki da gangan, don dutsen ya tsattsage ya tura matsin can gaba. Rufin kuma akan ɗaure shi da ƙusoshi da raga da tokara masu iya lotsawa ba tare da sun karye ba, domin abin da ke kashe mutane yawanci ba girgizar ba ce, dutsen da ta kakkaɓo ne. Akwai kuma ƙa'idar komawa aiki. Tun 1894 masanin Japan Fusakichi Omori ya nuna cewa girgizar da ke biyo bayan babba suna da yawa da farko, sannan su ragu da sauri bisa wani tsari sananne. Haka abin yake bayan tada nakiya a rami, shi ya sa ake tada ta a ƙarshen aiki bayan kowa ya fita, a jira sa'o'i har motsin ya koma yadda ya saba kafin a bar rukuni na gaba ya shiga. Kowace sa'a ta jira kuɗi ce ga kamfani, kuma a nan ne ilimi da neman riba suke karo a kullum.

Yawancin waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka saye su. A ranar 21 ga Janairun 1960 ginshiƙan mahaƙar kwal ta Coalbrook da ke Afirka ta Kudu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata fiye da 430 suka mutu, ba a ciro gawa ko ɗaya ba. Kafin nan girman ginshiƙi da ƙiyasi da sabo ake yanke shi. Bayan bala'in ne Miklós Salamon da A. H. Munro suka tattara bayanan wurare 125, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka rufta, suka fitar da lissafin ƙarfin ginshiƙi a 1967, wanda ya zama tushen tsara mahaƙan kwal a ƙasar. Hukumar bincike ta Leon, wadda ta zauna a tsakiyar shekarun 1990, ta ce fiye da ma'aikata 69,000 sun mutu a mahaƙan ƙasar tun farkon ƙarnin, mafi yawansu baƙaƙen fata 'yan ci-rani daga karkara da ƙasashe maƙwabta. Dokar lafiyar mahaƙai ta 1996 da ta biyo baya ta ba ma'aikaci 'yancin barin wurin da ya ga yana da haɗari. Mace-mace sun ragu sosai tun daga lokacin, ko da yake ba su ƙare ba: a watan Mayun 2018 girgiza mai maki 2 da 'yan kai ta yi sanadin mutuwar ma'aikata bakwai a Driefontein.

Rufe rami ma ba ya kashe maganar. Idan aka daina zuƙe ruwa, ramin yana cika, ruwan ya shiga tsage-tsage ya rage riƙonsu, wato dai abin da ke faruwa a zurfin kilomita 30 a ƙarƙashin Japan, amma a nan da hannun mutum. Kamfanin da ya ci ribar kuwa sau da yawa ya riga ya watse, ya bar wa gwamnati da mazauna gari bangon da ke tsagewa. A ƙasar da girgizar halitta ta zama ruwan dare, tantance laifi ya fi wuya. Lokacin da girgiza mai maki 4.2 ta kashe ma'aikata shida a mahaƙar tagulla ta El Teniente a Chile a ƙarshen watan Yulin 2025, tambayar farko da masu bincike suka fuskanta ita ce ko daga halitta ta zo ko daga haƙar.

Irin wannan tambaya ta taso a Abuja a watan Satumban 2018, lokacin da ƙasa ta yi kwanaki tana motsi a Mpape da kewaye, unguwar da aka sani da fasa dutse, kuma motsin ya sake dawowa a 2024. Wasu suka ɗora wa masu tada nakiya, wasu suka ce yawan rijiyoyin burtsatse ne, wasu suka ce tsohon tsagi ne ya motsa. Raba wannan gardama yana buƙatar na'urori da dama da suka kewaye wurin, wasunsu a kusa sosai, domin ba a iya sanin zurfin girgiza da kyau daga tasha mai nisa, kuma zurfi ne ke fara raba nakiyar da ta tashi a sama da tsagin da ya zame kilomitoci a ƙasa. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauci da hukumar binciken ƙasa ta Najeriya suna da tashoshi, amma 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai wannan faɗi. Shi kuwa ruftawar ramukan zinare irin na Ɗan Issa a jihar Maraɗi a 2021, ko na Galkogo a jihar Neja a 2024, lamari ne na daban. Waɗannan ramuka ba su kai zurfin da dutse zai tara ƙarfi ya fashe ba, ƙasa ce mai rauni da ake raraka ba tokara, ramuka dab da juna, ga ruwan sama yana jiƙa ta, kuma maganinsu yana wajen katako da tazara da dakatar da aiki da damina, ba wajen na'urar auna girgiza ba.